Majami'ar mutum 1,200 a tsibirin da mutanensa suka kusa ƙarewa

 Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako, mun sa shi a takarda saboda wanda kiwo ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da rediyo. In kai ne mai karatu a rugarku ko a rumfarku, ka ɗaga murya kaɗan don na gefe su ji.

Yau tafiyar mai nisa ce. Za mu je tsakiyar tekun Pasifik, tekun da ya fi kowane girma a duniya, zuwa wani ɗan tsibiri mai suna Mangareva. A can akwai wata majami'ar Katolika da aka gina da dutsen cikin teku, wadda take ɗaukar mutum 1,200 a zaune. Tambayar da muka riƙe tun farkon shirin ita ce: ƙaramin wuri irin wannan, wa ya ɗauki duwatsun, kuma me ginin ya ci wa mutanen wurin?

Ina ne Mangareva?

Ka san tsawon hanyar Yamai zuwa Diffa. To, daga Tahiti, inda hukumar yankin take, zuwa Mangareva ya fi haka, wajen kilomita 1,600 ne, kuma duk ruwa. Babu tasha, babu rijiya, babu garin da za ka yada zango ka sayi goro. Tsibirin kansa bai wuce kilomita 8 a tsawo ba, kana iya ƙure shi da ƙafa tsakanin hantsi da azahar. A cikinsa akwai dutse mai tsayin mita 441. Babban garinsa shi ne Rikitea, a nan majami'ar take, a bakin ruwa.

Mangareva da 'yan tsibiran da ke kewaye da shi ana kiran su tsibiran Gambier. Wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Ingila, James Wilson, shi ya raɗa musu sunan da ya wuce ta wurin a 1797. Yau suna ƙarƙashin Faransa, da Faransanci ake karatu a makarantunsu, kuma dukan mutanen wurin wajen 1,500 ne. Ka ga ke nan majami'ar ta kusa ɗauke su kaf a zama ɗaya.

Zuwan baƙi

A watan Agusta na 1834 wasu limaman coci biyu 'yan Faransa, Honoré Laval da François Caret, suka sauka a tsibiran. Daga Valparaiso ta ƙasar Chile jirgi ya kawo su. Sun tarar da mutane masu sarkinsu, masu addininsu na gargajiya, masu kamun kifi da noman itatuwan abinci. Sarkin sunansa Maputeoa.

Abin ya tafi da sauri. Kawun sarki, Matua, wanda shi ne babban mai kula da addinin gargajiya, ya karɓi sabon addinin. A 1836 sarki da kansa ya bi, ya ɗauki sunan Gregorio, sunan Paparoman wancan lokaci. Ka san yadda abin yake, in sarki ya juya, gari ya juya. Aka ƙone gumakan katako da yawa, kaɗan da suka tsira aka aika da su Turai, suna can a gidajen ajiye kayan tarihi har yau.

Daga nan Laval ya zama shi ne mai faɗa a ji. Sarki yana kan gadonsa, amma shawara ta limami ce. Sai aka shiga gini.

Yadda ake gini da dutsen teku

An aza harsashin majami'ar ranar 17 ga Janairu 1839, aka sa mata sunan Mala'ika Mika'ilu. Magina biyu 'yan mishan, Gilbert Soulié da Fabien Costes, su suka ja aikin, suka koya wa samarin tsibirin sassaƙar dutse. A 1841 aka fara ibada a ciki. Hasumiyoyi biyu na gaba an ƙara su a 1847 da 1848.

Da me aka gina? Ka san murjani, ja ɗin nan da mata ke sawa a wuya. Yana da dangi fari a cikin teku. Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne suke tara shi, shekara bisa shekara, har ya zama dutse mai faɗi a ƙarƙashin ruwa. Wannan farin dutsen shi aka sara, aka yanka shi kamar tubali. Kuma ba a ƙofar gida yake ba. Daga wasu ƙananan tsibirai da ke can gefen ruwan, irin su Tekava da Kouaku, ake saro shi, a ɗora a kan itatuwan da aka ɗaure wuri guda suna yawo bisa ruwa, a turo su har Rikitea. Babu jaki, babu raƙumi, babu amalanke. Daga bakin ruwa zuwa wurin gini, kafaɗa ce da kai.

Siminti fa? Babu. Murjanin nan dai shi ake tarawa a rami, a hura masa wuta mai ƙarfi har ya toye. In aka zuba masa ruwa sai ya ruguje ya zama farar ƙasa mai kama dutse. Da ita ake haɗa tubalan, da ita ake yaɓe, ita ce kuma ta ba ginin farinsa. Wanda ya taɓa gasa tukwane ya san itacen da wuta irin wannan take ci. To a ɗan tsibiri, kowane icce da aka sa a ramin, wani ne ya sare shi ya ɗauko.

Abin da ido zai gani

Tsawon ginin mita 48 ne, wato kusan rabin filin ƙwallo. Faɗinsa mita 18, tsayinsa sama mita 21. Don ka kwatanta, hasumiyar babban masallacin Agadas mita 27 ce, kuma ita ma a wannan zamanin aka sake gina ta, a 1844. Lokacin da maginan Abzin ke cuɗa laka, waɗannan suna can suna saran dutse a cikin ruwa.

In ka tsaya a gaba, ƙofa ce babba a tsakiya, hasumiya dama, hasumiya hagu. In ka shiga, layi biyu na ginshiƙai sun raba zauren gida uku, babbar hanya a tsakiya, ƙanana a gefe. Fasalin na cocin Faransa ne, amma kayan aikin duk na tsibirin ne.

Abin da baƙi suka fi magana a kai shi ne bagade, teburin da limami ke tsayawa gabansa yana jan ibada. Akwai wata dabbar ruwa mai ɓawo biyu, irin makankarin da ake tsinta a bakin kogi amma babba, cikin ɓawonta yana walƙiya kamar an shafa azurfa. A cikinta ake samun lu'ulu'u. Da wannan ɓawon aka yi wa bagaden ado, an yanka shi siffar furanni da ganyaye. A gaban bagaden, ƙarƙashin daɓe, aka binne Caret, wanda ya rasu a 1844. Sarki Maputeoa ya rasu a 1857, kabarinsa yana wani ƙaramin ɗakin ibada dabam.

Me ya sa ake ce mata babbar majami'a? A tsarin Katolika, cocin da kujerar bishop take ciki shi ne babba, ba lallai sai wanda ya fi faɗi ba. Bishop na farko na wannan yanki, Étienne Rouchouze, a tsibiran nan ya kafa mazauninsa. Shi kuwa teku ce ta ci shi, jirginsa ya ɓata a 1843 yana dawowa daga Faransa. Daga baya kujerar ta koma Papeete, babban birnin Tahiti, amma sunan ya zauna. Har ma a 1856 Soulié ya kwashi magina 60 'yan Mangareva zuwa Papeete don su gina majami'ar can. Ka ji yadda suka gwanance.

Kuma ba ita kaɗai aka gina ba. Akwai coci a tsibiran Aukena da Akamaru da Taravai, da gidan mata masu hidimar coci a Rouru, da makarantar samari, da fadar sarki, da ɗakunan saƙa, da hasumiyoyin tsaro, da kurkuku. Gine-ginen dutse fiye da 100, cikin shekara talatin da 'yan kai.

Inda gizo ke saƙa

Lokacin da limaman suka zo, mutanen tsibiran wajen 2,000 ne. Kafin 1887 ba su kai 500 ba. Ɗan'uwa makiyayi, in garkenka na shanu 200 ya koma 50, ba sai an yi maka bayani ba.

Me ya cinye su? A nan ne masana tarihi suka rabu.

Masu zargin Laval suna cewa aikin ya fi ƙarfin jama'ar. Namijin da ke saran dutse ba ya gona, ba ya kamun kifi. An kafa dokoki masu tsanani kan sutura da aure da fita daga tsibirin, wanda ya karya sai kurkuku. 'Yan mata da yawa sun shiga gidan Rouru ba su yi aure ba, haihuwa ta ragu. A wurin waɗannan, ginin aikin dole ne da aka sa wa rigar ibada. Mu nan ba baƙin wannan kalma ba ne, kakanninmu sun ba mu labarin aikin dole na zamanin Faransa, wanda sai 1946 aka soke shi.

Masu kare shi kuma suna cewa a duba maƙwabta. Tsibiran Pasifik da yawa sun yi asarar mutane haka a wannan ƙarni, har waɗanda ba a aza ko tubali ɗaya ba. Jiragen ruwa ne suka kawo cututtukan da jikin mutanen bai saba da su ba, musamman tarin fuka. Suna ƙarawa da cewa a 1862, da jiragen ƙasar Peru suka riƙa yawo suna sace mutanen tsibirai don bauta, tsaurin Laval ya taimaka Mangareva ta tsira. Kuma shi ne ya zauna da dattawa ya rubuta tarihinsu da al'adunsu da nahawun harshensu, abin da jikokinsu ke karantawa yau.

In ka auna, kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Cuta ce ta fi kisa, amma cuta ta fi kama jikin da ya gaji, kuma ta fi yaɗuwa inda aka tara mutane wuri guda.

Rigimar 'yan kasuwa

Ku 'yan kasuwa, ga naku. Ɓawon nan mai walƙiya kuɗi ne a Turai, da shi ake yin maɓallan riga da kayan ado. Fatake suka riƙa zuwa da jirage suna saye. Suka tarar ba a ciniki sai da yardar fada, fada kuwa ba ta motsi sai da limami. Fataken suka ce mishan ta kame kasuwa ita kaɗai. Mishan ta ce fataken giya da bashi da cuta suke kawowa.

Ƙara ta kai gaban gwamnan Faransa a Tahiti. Aka yanke tara mai nauyi don a biya wasu fatake diyya, aka turo sojoji. Wa ya biya? Ba limami ba, ba farke ba, mutanen tsibirin ne, masu nutso cikin ruwa su ɗebo ɓawon. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 1871 aka ɗauke Laval zuwa Tahiti, inda ya rasu a 1880. Shekara ɗaya bayan haka, a 1881, Faransa ta haɗe tsibiran cikin mulkinta.

Ginin a yau

Iskar teku mai gishiri ce, tana cin gini. A 2005 aka rufe majami'ar don gudun kada rufin ya faɗo kan mutane. Hukuma da coci da jama'ar gari suka haɗa kuɗi, aka yi gyara, aka sake buɗe ta a watan Disamba na 2011. Yau mutanen Rikitea, waɗanda yawancinsu da kiwon baƙin lu'ulu'u suke ci, suna shiga cikinta ran Lahadi suna waƙa da harshensu. A wurinsu ginin na kakanninsu ne, waɗanda suka sari dutsen suka turo shi bisa ruwa, kuma da wannan suke alfahari.

To jama'a, abin da muke so ku tafi da shi ke nan. Duk inda fatauci ko kiwo ya kai ka, ka ga gini babba, masallaci ne ko coci, fada ce ko ganuwa, ka yaba gwanin da ya tsara. Amma ka tambayi dattawan garin su wa suka ɗauki ƙasar, da son ransu ne ko da bulala, kuma wa ya noma musu gona a wannan damina. Sunan mai ginin yana rubuce a bango, na masu ɗaukar kaya sai an tambaya.

In a garinku akwai tsohon gini da kuka san labarin waɗanda suka yi shi, ku aiko mana da saƙo ta hannun wakilinmu ranar kasuwa, za mu karanta a shiri na gaba. Masu kan hanya Allah ya kai ku lafiya, masu kiwo Allah ya tsare dukiya. Sai mako mai zuwa in muna da rai.