Rubu'in Awa da Biro Bayan Sallar Isha'i

Duk ɗan kasuwar da ya san abin da yake yi a Kantin Kwari ba ya tashi daga shago sai ya buɗe littafi: me ya shigo, me ya fita, wa ya ci bashi. Amma tambaye shi wa ya yi wa tsawa da rana, ko me ya hana shi barci jiya, sai ka ji shiru. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da irin wannan misalin ya yi bayani a Ihya'u Ulumiddin, inda ya ware babi guda kan muraƙaba da muhasaba: mutum ya titsiye kansa a ƙarshen wuni kamar yadda attajiri ke titsiye abokin kasuwancinsa.

A da lokacin yin hakan yana nan ba sai an nema ba, tsakanin magariba da isha'i, ko bayan asuba kan darduma. Tun da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, balle da WhatsApp da TikTok suka biyo baya, waɗannan lokutan aka fara cinyewa. Ana sallame salla hannu ya tafi aljihu. Zauren dangi, zauren tsofaffin ɗalibai, sanarwar rasuwa, tallan atamfa, rigimar siyasa, duk a numfashi ɗaya. Abin yana damuna ƙwarai, domin mutum kan kwanta ransa a jagule bai ma san abin da ya jagula shi ba.

Ni maganin da na samu littafin 'yan makaranta ne da biro. Bayan isha'i nakan bar waya a wani ɗakin, in zauna rubu'in awa. Nakan rubuta abin da ya tsaya mini a rai, da alherin da aka yi mini, da wanda nake jin na shiga haƙƙinsa. Damuwa idan tana cikin kai ba ta da iyaka. Da zarar ta sauka kan takarda sai ka ga layi biyu ce, kuɗin makarantar yara da wata magana da yayanka ya faɗa ranar suna. Abin da ya zama layi biyu kuwa ana iya yi masa dabara.

Masana ma sun gwada. A wani bincike da aka wallafa a 1986, James Pennebaker, masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya sa ɗalibai rubuta abin da ya taɓa ƙuntata musu, minti 15 kullum har kwana 4. A watannin da suka biyo baya zuwansu asibitin jami'a ya ragu. Wannan ba ya nufin biro zai maye gurbin likita. Wanda baƙin ciki ya hana ci da barci, asibiti ya kamace shi.

Akwai matsalar gidan yawa, inda littafi ba ya ɓuya. Kada ka sa sunan kowa, harafin farko ya isa, mai iya ajami kuma ya yi da ajami. Kada kuma littafin ya koma wurin tara laifin kishiya ko maƙwabci, don gulma ko a takarda gulma ce.

Mai karatu, yau da dare ka kai wayar wani ɗakin, ka ari biron yaronka, ka fara da rubuta kwanan wata.