Fararen tabo a hoton ƙwaƙwalwar tsofaffi: me suke nufi?

Idan aka ɗauki hoton kan dattijo da na'urar IRM, sau da yawa sakamakon yakan fito da kalmar “leucoaraïose”, sai hankalin iyali ya tashi. Abin da ake nufi shi ne fararen tabo a cikin farin sashen ƙwaƙwalwa, wurin da zaruruwan jijiyoyi ke isar da saƙo, kowane lulluɓe da wani kitse kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki.

Tabon ya zama ruwan dare ga tsofaffi. A wani bincike da aka yi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan, kashi 5 cikin 100 kacal na masu shekara 60 zuwa 90 ne ba su da shi.

Sai dai hoto ba ya faɗin abin da ya lalace. Shi ya sa masana suka riƙa kwatanta hotunan da naman ƙwaƙwalwar mutanen bayan rasuwarsu, suna duba shi a madubin likita. A 1993, likita Franz Fazekas na ƙasar Ostiriya da abokan aikinsa sun nuna cewa tabon ba iri ɗaya ba ne. Siririn farin layi da ke kewaye ramukan ruwan ƙwaƙwalwa ba ƙarancin jini ne ke kawo shi ba. Ƙananan ɗigo-ɗigo kuma ɓarnarsu kaɗan ce. Amma manyan tabo da suka haɗe da juna, nan ne aka tarar kitsen ya zaizaye, zaruruwa sun mutu, bangon ƙananan hanyoyin jini ya yi kauri har jini ba ya wucewa sosai.

Waɗannan manyan su ne abin kula, domin suna tafiya da haɗarin shanyewar ɓarin jiki, mantuwa da tangaɗi wajen tafiya. Bayan tsufa, babban abin da ke haddasa su shi ne hawan jini. A 2019, binciken SPRINT MIND a Amurka ya nuna tabon ya fi jinkirin ƙaruwa ga waɗanda aka sauke awon jininsu sosai.

Don haka, in tsohonku ya kawo irin wannan sakamako, ku tambayi likita girman tabon da inda yake. Sannan ku tabbatar ana auna jininsa a kai a kai, kuma ba ya fashin shan magani.