Yariman Farisa Biyu: Na Apple II da Na DOS

A watan Oktoba na 1989 kamfanin Broderbund na Amurka ya fitar da wani wasan kwamfuta mai suna Prince of Persia, wanda wani matashi, Jordan Mechner, ya shafe kusan shekara huɗu yana haɗawa a kan kwamfutar Apple II. Da shekara ta zagayo, a 1990, aka sake fitar da shi don kwamfutoci masu aiki da DOS, wato na IBM da ire-irensu. Daga nan wasan ya bazu, ya shiga Amiga da Macintosh da injinan wasa na Sega da Nintendo. Amma waɗancan biyun na farko su ne suka cancanci a ajiye su gefe da gefe, domin a ɗaya aka haifi wasan, ɗayan kuma shi ya raya shi har duniya ta san da zamansa.

Labarin ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba. Sarkin Farisa ya tafi yaƙi, wazirinsa Jaffar ya ga gari ya zama nasa, ya tsare gimbiya ya ba ta awa ɗaya: ko ta aure shi ko ta mutu. Saurayin da take so, baƙo ne a garin, an jefa shi kurkukun ƙarƙashin fada. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san wannan waziri da ke jiran sarki ya juya baya ya fita yaƙi, kuma Mechner da kansa ya ambaci Dare Dubu da Ɗaya cikin abubuwan da ya ɗebo daga gare su. Awa ɗayan nan ba ta baki ba ce, minti 60 ne na agogon gaske, kuma a cikinsu za ka ratsa matakai 12. In ka mutu ka koma farkon matakin da kake, agogo kuwa bai tsaya jiranka ba. Faɗuwa daga hawa ɗaya ba komai, daga hawa biyu ka ji rauni, daga hawa uku sai gawa. Akwai daɓen da ke ruftawa da mutum, da tsinin ƙarfe da ke fitowa daga ƙasa, da wuƙaƙen da ke datsewa kamar haƙora, da ƙofofin ƙarfe da sai ka taka wani dutse su buɗe, sannan su fara saukowa tun kafin ka isa. Duk wannan iri ɗaya ne a wasannin biyu. Ɗakunan ma ba a sake musu tsari ba. Wanda ya haddace hanya a ɗaya zai bi ta a ɗayan ba tare da ya ɓata ba.

Bambancin yana farawa ne daga injin. A 1989 Apple II ta riga ta tsufa, tun 1977 aka fara sayar da ita. Ƙwaƙwalwarta, mai lamba 6502, tana gudu da kusan megahaz ɗaya, wurin ajiyar da wasan ke buƙata kuwa kilobait 128 ne kacal, wanda ko hoto ɗaya na wayar yau ba zai ɗauka ba. Allonta ɗigo 280 ne a kwance, 192 a tsaye, kala shida. Lasifikarta ba ta iya komai sai ƙyas-ƙyas, kuma da jera waɗannan ƙyas-ƙyas ɗin ake fitar da kiɗa. A cikin wannan ƙunci Mechner ya sa wa ransa abu guda, wato mutumin da ke kan allo ya yi motsi irin na ɗan Adam.

Yadda ya yi ya isa a ba da labari. A 1985 ya sa ƙanensa David, yana ɗan shekara 15, ya sa fararen kaya ya yi ta gudu da tsalle da hawa a wani filin ajiye motoci, shi kuma yana ɗauka da kyamarar bidiyo. Sai ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da siffar jikin yaron, ya shigar da ita kwamfuta. Don faɗan takobi ya ɗauko daga fim ɗin The Adventures of Robin Hood na 1938, inda Errol Flynn da Basil Rathbone suke gwabzawa. Shi ya sa saurayin wasan yake da nauyin jiki. In yana gudu ka sake maɓalli ba ya tsayawa cak, sai ya ɗan zame. In zai juya sai ya karkata tukuna. In ya kama bakin gini da hannu, ƙafafunsa suna lilo. A Apple II, inda bango shuɗi ne da baƙi, ba abin kallo sai wannan farar siffa, ido ba ya zuwa ko'ina sai kan motsin. A nan nake ganin na Apple II ya fi. Mutum yana ganin jikin yaro na gaske a cikin 'yan ɗigogin nan, har da ɗan tuntuɓensa.

Sai dai motsin nan ya cinye wurin ajiya. Hotunan gudu da tsalle da faɗuwa sun cika injin, babu sauran gurbin da za a zana abokin gaba. Da farko Mechner ya yarda wasan ya tafi haka, tarko da gudu kawai, ba faɗa. Abokiyar aikinsa Tomi Pierce ta dage cewa wasa ba faɗa zai gundure mutane. Abin da ya yi sai ya tuna mini da telan da yadi bai ishe shi ba, ya haɗa ƙyallen da ya rage ya fitar da adon da ya fi rigar kanta kyau. Ya ɗauki hotunan saurayin nan dai, ya ɗora kowanne a kan kansa bayan ya gusar da shi ɗigo ɗaya, ta wata dabarar lissafi da ke share inda hotunan biyu suka haɗu ta bar gefe-gefe. Sai ga wata baƙar siffa mai farin gefe, tana gudu yadda yake gudu, ba ta ci wurin ajiya ba. Ita ce Inuwa.

A mataki na huɗu madubi yana tare maka hanya, ba yadda za ka wuce sai ka yi gudu ka faɗa cikinsa. Kana fita ta wancan gefe Inuwa ta fita ta wannan, ta tafi da kusan duk ƙarfinka. A na biyar ta riga ka zuwa kwalbar maganin da ka sha wahala don ita, ta shanye. A na shida kana rataye a bakin rami ta taka dutse ta rufe maka ƙofa. A na goma sha biyu kuka haɗu da takobi, kuma duk saran da ka yi mata a jikinka yake fita. In ka kashe ta ka mutu. Mafita ita ce ka mai da takobi kube, ka je gare ta, ku koma mutum ɗaya. Ba na jin akwai wani abu a wasan gaba ɗaya da ya kai wannan, kuma ƙarancin kilobait ne ya haifar da shi. Daga baya Mechner ya matse ya samo wurin da ya sa masu gadi da ƙwarangwal ɗin mataki na uku da shi kansa Jaffar, amma Inuwa ta riga ta zama zuciyar labarin.

Na DOS, wanda Lance Groody ya rubuta a Broderbund, bai san wannan talauci ba. A kwamfuta mai allon VGA kurkukun ya zama na dutse mai launin toka, fada ta zama mai ruwan yashi da ginshiƙai, masu gadi kowanne da kalar rigarsa, fitilun bango suna ci da jan harshe. Motsi ya daidaita, ba ya nauyi in abubuwa sun yi yawa a allo kamar yadda yakan yi a tsohon injin. An riƙe Inuwa, kuma tana aikata duk abin da ta saba, sai dai a tsakiyar kaloli ta ɗan zama ɗaya daga cikin abokan gaba. A Apple II kana kallonta ka san daga jikin saurayin aka yage ta.

Babban abin da DOS ya ƙara, a ganina, ba kala ba ne, sauti ne. Da katin sauti na Sound Blaster kana jin takun ƙafa a kan dutse, da ƙarar takobi a kan takobi, da ihun wanda ya faɗa rami, da datsewar wuƙaƙe tun kana ɗakin da ke kusa. Wannan ba ado ba ne kawai. Wasan yana nuna ɗaki ɗaya ne a lokaci guda, kuma sau da yawa dutsen da za ka taka yana nan, ƙofar da zai buɗe tana can ɗaki biyu ko uku gaba. Da kunne kake auna ko ƙofar ta fara saukowa, da kunne kake sanin ko gudu zai yi ko ka makara. Na Apple II ma yana ba da alama da ƙyas-ƙyas ɗinsa, amma ƙarar ƙarfe mai saukowa tana sa gaban mutum faɗuwa ta yadda ƙyas-ƙyas ba zai iya ba. Kiɗan da mahaifin Mechner, Francis, ya tsara, a nan ne ya samu kayan da za su fitar da shi.

Sai dai in an ce "na DOS" ba abu ɗaya ake nufi ba. Apple II injin kamfani ɗaya ce, abin da Mechner ya gani a allonsa kusan shi kowa ya gani. Kwamfutocin DOS kuwa kowace da halinta. Wani yana da VGA, wani EGA mai kala 16, wani CGA mai kala huɗu, wani allon Hercules marar kala. Masu katin sauti su ne 'yan gata, sauran sai 'yar lasifikar cikin akwati mai kukan tsit-tsit, wadda ba ta fi ta Apple II da komai ba. A ƙasashenmu irin waɗannan injinan na IBM su ne suka shigo ofisoshi da makarantu, don aikin rubutu da lissafi aka saye su ba don wasa ba, saboda haka wanda ya fara ganin wasan nan a wurinmu galibi na DOS ya gani, kuma ba lallai ne ya ji shi da cikakken sautinsa ba. Kuma shi kansa wasan an fitar da shi fiye da sau ɗaya, akwai 1.0, akwai 1.3 da 1.4. Masu wasa sun san bambancin ta kalmar sirri: a na farko in ka rubuta megahit bayan sunan wasan za ka iya tsallake mataki da ƙara lokaci, a na baya sai improved.

Hanyar da kowanne ya bi don hana kwafi ma ta nuna halinsa. A Apple II faifan kansa aka rubuta ta wata hanya ta daban, aikin Roland Gustafsson, wadda ta ƙara masa wuri ta kuma wahalar da masu kwafi, mai wasa bai ma san da ita ba. A DOS kuwa bayan mataki na farko sai a jefa ka wani ɗaki cike da kwalabe, kowace da harafi a kanta, a ce ka sha wadda harafinta ya dace da wata kalma a wani layi na littafin da ke cikin kwalin wasan. In ka sha wata, guba ce. Dabara ce mai kyau, amma tana katse labari daidai lokacin da ya fara ɗaukar zafi, kuma ba ta hana komai ba. Wasan ƙarami ne, faifai ɗaya yana ɗaukarsa, haka ya yi ta yawo hannu zuwa hannu a duniya.

A kasuwa na Apple II bai yi abin kirki ba, ya fito lokacin da shaguna ke janye kayan injin daga kanta. Na DOS ma bai tashi nan take a Amurka ba, sai da Japan da Turai suka karɓi wasan kafin sunansa ya yi ƙarfi. Japanawa sun sake masa kama, kuma na Super Nintendo da kamfanin Arsys ya yi a 1992 ya kai mataki 20 da minti 120, da sababbin abokan gaba. Wasa ne mai kyau, masu sonsa suna da hujja, amma a wurina ya zama wani wasa daban. Awa ɗaya ita ce abin da mutum zai iya riƙewa a zama guda da tsoron agogo a ransa. Abin da ya sa nake girmama na DOS ke nan: an ba shi wadata, bai yi amfani da ita ya kumbura ba. Farin ɓeran da gimbiya ta aiko a mataki na takwas ya taka maka dutse yana nan yadda yake, ƙaton mai gadin mataki na shida yana nan, maganin da ke juya allo sama ya koma ƙasa yana nan.

Dukansu biyu ba su ɓata ba. A 2012 mahaifin Mechner ya tsinci kwalin tsofaffin faifai a cikin kabad, a cikinsu har da ainihin rubutun wasan na Apple II da aka ɗauka ya salwanta. Da taimakon Jason Scott da Tony Diaz aka ciro shi, Mechner ya sa shi a GitHub don kowa ya karanta. Na DOS kuma masoyansa sun warware shi sun sake gina shi da sunan SDLPoP, yana aiki a kwamfutocin yanzu.

In yaro ya tambaye ni da wanne zai fara, na DOS zan ba shi, da VGA da cikakken sauti, domin shi ne ya fi daɗin hannu da kunne, kuma shi ne zai riƙe shi har ya kai ga Jaffar. Amma in ya gama zan so ya koma na Apple II ya buga ko da zuwa mataki na huɗu ne, ya sani cewa injin da ke gabansa ba shi da wurin abokin gaba ko ɗaya a lokacin da aka ƙirƙiro wanda ke fitowa daga madubin.