Sabuwar Kwamfuta da ta Ƙi Tashi: Hanyar Binciken Cikas Bisa Yanayin Damagaram

0. Gabatarwa

Tun da aka kafa Jami'ar Damagaram a shekarar 2010, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, bukatar kwamfutoci masu ƙarfi ta ƙaru a tsakanin malamai da ɗaliban digiri na gaba, musamman masu aikin taswira da ƙididdiga da sarrafa murya. Da yake sabuwar na'ura cikakkiya tana da tsada, da yawa sukan sayi sassa ɗai-ɗai su harhaɗa da kansu. Galibin sassan daga Kano suke zuwa, tafiyar kimanin kilomita 240. Saboda haka in na'urar ta ƙi tashi, mayar da kaya ga mai shago ba ƙaramin aiki ba ne: akwai kuɗin mota, akwai tsallaka iyaka, ga kuma lokacin bincike da yake salwanta.

Manufar wannan maƙala ita ce mu shimfiɗa hanyar da za a bi a gano cikas daki-daki, kafin a yanke hukunci cewa wani sashe ya lalace. Ƙa'idarmu guda ce: a bi sawun wuta daga bango har zuwa ƙwaƙwalwar na'ura, kuma kada a canza abu biyu a gwaji ɗaya.

1. Kalmomin aiki

Domin sauƙaƙa kwatanci da ɓangaren Faransanci, mun yi amfani da waɗannan kalmomi: uwar allo a madadin carte mère, akwatin wuta a madadin bloc d'alimentation, ƙwaƙwalwa a madadin processeur, gida a madadin boîtier, ramin bango a madadin prise, ƙafafun tagulla a madadin entretoises. Mun bar kuran, ekran, turnabis da bis yadda masu sana'a suke faɗarsu a kasuwa. Gajerun sunaye irin su ATX, RAM da BIOS ba mu taɓa su ba, tunda haka suke rubuce a jikin kayan.

2. Rarrabe alamomi

Maganar "ta ƙi tashi" ta ƙunshi halaye uku mabambanta, kuma kowane da inda ake neman dalilinsa:

(a) an danna maɓalli, ba motsi, ba fitila, ba ƙara;
(b) fanka ta juya na ɗan daƙiƙa ɗaya ko biyu, ta tsaya;
(c) fankoki suna juyawa, fitilu suna ci, amma ekran baƙi ƙirin.

Hali na (a) yana nuni ga hanyar wuta ko maɓalli. Hali na (b) yakan nuna cewa akwatin wuta ya kashe kansa domin kariya. A hali na (c) kuwa wuta ta isa, cikas ɗin yana wajen gwajin da na'ura take yi wa kanta a farkon tashi, wanda ake kira POST.

3. Daga bango zuwa akwatin wuta

3.1. Kuran ɗin gari. Wutar gidaje a Nijar bolt 220 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa. Tun 1994 kaso mai yawa na wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa a Maraɗi da Damagaram yana zuwa ne daga Katsina ta Gazawa, a kan layi mai kilobolt 132. Da Najeriya ta yanke wannan wuta a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa lokacin da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ofisoshi da gidaje da dama sun koma ga injin gurup da hasken rana. Abin lura a nan shi ne, ba kowace wuta ce akwatin wuta yake karɓa ba. Akwatunan zamani suna aiki daga bolt 100 zuwa 240, amma wasu daga cikinsu sukan mutu nan take in an haɗa su da ƙaramin onduleur ko na'urar juya wutar batir wadda ba ta fitar da igiyar wuta mai santsi. Don haka gwajin farko a yi shi kai tsaye a ramin bango, lokacin da kuran ɗin gari yake nan, bayan an tabbatar da ramin ta hanyar jona fitila ko fanka.

3.2. Kan waya. Najeriya tana amfani da kan waya irin na Ingila mai haƙora uku masu kusurwa, Nijar kuwa ta gaji irin na Faransa mai haƙora zagayayyu. Kayan da aka sayo a Kano sukan zo da na Ingila, sai a sa masa mahaɗi mai araha wanda yake rawa a cikin rami. Ban da haka, a cikin kan waya na Ingila akwai ɗan fis, wanda in ya tsinke waya ba za ta ba da wuta ba ko da ta yi kama da sabuwa. Mafi sauƙi shi ne a ari wayar wata kwamfuta mai aiki, tunda bakin da yake shiga akwatin wuta iri ɗaya ne.

3.3. Maɓallan baya. Akwai maɓalli mai alamar I da O a bayan akwati. I ne kunnawa. A tsofaffin akwatuna, musamman na gwanjo da aka yi wa kasuwar Amurka, akwai kuma ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Wajibi ne a duba shi kafin a jona waya. In yana kan 115 aka sa masa wutar 220, akwatin ya ƙone ke nan, wani lokaci har da ƙara da hayaƙi.

4. Gwajin akwatin wuta shi kaɗai

Tsarin ATX, wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995, ya sauya yadda kwamfuta take kunnuwa. A da maɓallin gaba shi yake yanke wutar 220 kai tsaye. A tsarin ATX kuwa, muddin akwati yana jone, yana ba uwar allo ƴar wutar jira ta bolt 5 ta waya mai launin shunayya. In an danna maɓalli, uwar allo ce take haɗa koriyar waya da ƙasa, sannan akwati ya saki sauran wutar. Bayan ɗan jinkiri wanda bai wuce rabin daƙiƙa ba, akwatin yakan aika alama ta waya mai ruwan toka cewa wuta ta daidaita, daga nan ƙwaƙwalwa ta fara aiki.

Sanin wannan ne yake ba mu damar gwada akwati ba tare da uwar allo ba. A kashe maɓallin baya, a cire dukkan wayoyinsa daga sassa, a lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu, a haɗa rami na 16 na babban mahaɗi mai haƙora 24, wato koriyar waya, da rami na 17, wato baƙa. Da yake akwatuna da yawa a yau duk wayoyinsu baƙaƙe ne, sai a ƙirga ramukan bisa zanen da yake cikin littafin akwatin. Daga nan a kunna. In fanka ta juya, akwatin yana tashi. Sai dai wasu akwatuna ba sa juya fanka sai sun ɗauki zafi, don haka ma'aunin wuta ne yake raba gardama. Ƙa'idar ATX ta yarda da saɓanin kashi 5 cikin 100:

waya mai ruwan ɗorawa: bolt 12, daga 11,40 zuwa 12,60;
jar waya: bolt 5, daga 4,75 zuwa 5,25;
waya mai ruwan goro: bolt 3,3, daga 3,14 zuwa 3,47.

Muna jan kunne a kan abu biyu. Na farko, kada a buɗe akwatin wuta, domin akwai sassa a cikinsa da suke riƙe ɗaruruwan bolt bayan an cire waya. Na biyu, a akwatunan da ake cire wa wayoyi, kada a ɗauki wayar wani akwati a sa wa wani, ko da bakin ya shiga daidai. Jerin haƙoran ɓangaren akwati ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma wannan kuskure yana ƙona ma'ajiyar bayanai.

5. Uwar allo

5.1. Mahaɗai biyu. Uwar allo tana bukatar babban mahaɗi mai haƙora 24 da kuma ƙarami mai 4 ko 8 a kusa da ƙwaƙwalwa. Na farko yana da tauri, sai an danna har ƙugiyarsa ta kama. Na biyu shi aka fi mantawa. A kula kada a musanya shi da na katin hoto: na ƙwaƙwalwa yana rabuwa 4 da 4, na katin hoto 6 da 2.

5.2. Maɓallin gaba. Ƴan siraran wayoyin gida suna hawa kan wasu ƙananan haƙora a gefen ƙasa na uwar allo, kuma sauƙin kuskure a nan ba ya misaltuwa. A cire su duka, a nemo haƙora biyu masu alamar PWR SW a littafin allon, a taɓa su tare da bakin turnabis na ɗan lokaci. In na'ura ta tashi, laifin maɓalli ne ko wurin da aka jona shi.

5.3. Ƙafafun tagulla. Uwar allo ba ta taɓa ƙarfen gida sai ta kan waɗannan ƙafafu, kowace a daidai ramin bis. Ƙafa guda da ta rage a inda babu rami, ko bis da ya faɗa bayan allo, ya isa ya haɗe layukan wuta. Wannan shi ne babban abin zargi a hali na (b).

6. Gwaji a wajen gida

In har yanzu ba a gano ba, sai a fitar da uwar allo a ɗora ta a kan kwalinta. A bar mata ƙwaƙwalwa da fankarta, sandar RAM guda ɗaya, da akwatin wuta. In ta tashi, sai a riƙa mayar da sassa ɗaya bayan ɗaya, ana kashewa ana kunnawa, har mai laifi ya bayyana.

A hali na (c) ga abubuwan dubawa. Sandar RAM ta zauna har maƙallanta sun rufe, a ramin da littafi ya nuna, galibi A2. Wayar ekran tana jikin katin hoto, tunda ba kowace ƙwaƙwalwa ce take iya fitar da hoto ta bakin uwar allo ba. Allunan zamani da yawa suna da ƴan fitilu huɗu, CPU, DRAM, VGA da BOOT, wadda ta tsaya a kunne ita take nuna inda gwaji ya cije. RAM irin DDR5 takan ɗauki mintoci a tashin farko, don haka a yi haƙuri kafin a kashe. Akwai kuma batun BIOS: allon da ya daɗe a shago yana iya rashin sanin ƙwaƙwalwar da ta fito bayansa, kamar yadda ya faru da allunan B450 da ƙwaƙwalwar Ryzen 5000 ta 2020. Wasu alluna suna da maɓallin sabunta BIOS daga kle USB ba tare da ƙwaƙwalwa ta tashi ba. A ƙarshe ne ake ɗaga ƙwaƙwalwa a duba ko haƙori ya lanƙwashe, domin kowane ɗagawa yana da nasa haɗari.

7. Yanayin wuri

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana busar da iska ƙwarai, jikin mutum yana tara wutar gogayya, irin wadda akan ji in an taɓa ƙofar mota. Tartsatsin da mutum bai ma ji ba ya isa ya lalata RAM ko ƙwaƙwalwa. A riƙe sassa ta gefe, a taɓa ƙarfen gida kafin a taɓa su, a guji aiki a kan darduma ko tabarmar roba. Ƙurar hazo ma takan shiga ramukan RAM in an bar allo a buɗe kwana biyu. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, fankar ƙwaƙwalwa da ba ta zauna daidai ba, ko wadda aka manta ba a ɓare ledar ƙasanta ba, takan sa na'ura ta mutu jim kaɗan bayan tashi. Sannan gine-gine da yawa, musamman tsofaffin gidajen Birni da Zango da aka ja wa wuta daga baya, ba su da wayar ƙasa. Alamar haka ita ce ɗan cizon da akan ji a jikin ƙarfen gida, kuma maganinsa yana hannun mai gyaran wuta.

8. Kammalawa

Mun nuna cewa binciken yana bin jeri ɗaya: ramin bango, waya, akwatin wuta, mahaɗai, maɓalli, sannan sassa ɗai-ɗai. Muna ba sassan jami'a shawara su tanadi ma'aunin wuta guda, akwatin wuta da aka tabbatar da lafiyarsa, da sandar RAM ta gwaji, domin da waɗannan uku ake warware mafi yawan shakku. Haka kuma mai sayayya a Kano ya nemi a kunna masa uwar allo da ƙwaƙwalwa da RAM tare a gabansa, a rubuta lambar kowane sashe a kan rasiɗi. Wanda kuma ya rubuta sakamakon kowane gwaji a takarda, in ta kama sai an mayar da kaya, zai je wa mai shago da hujja a hannu.