Alaƙar kitsen omega a jini da tumbi, hawan jini da ciwon suga

Tumbi da hawan jini da hauhawar suga sukan taru a jikin mutum ɗaya. Likitoci na kiran wannan haɗuwa metabolik sindirom, kuma tana ƙara haɗarin bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga nau'i na biyu.

Bisa ma'aunin da ake amfani da shi a Amurka, ana cewa mutum na da matsalar idan uku daga cikin alamomi biyar sun bayyana: kaurin ƙugu ya haura santimita 102 ga namiji ko 88 ga mace, awon jini ya kai 130/85, suga kafin karin kumallo ya kai 100, kitsen tiraigilisaraid ya kai 150, ko kolesterol mai amfani na HDL ya yi ƙasa.

Me ya sa ake duba jini?

Mutum kan manta abin da ya ci, amma jini ba ya mantuwa. A 2004, masana biyu, William Harris da Clemens von Schacky, suka gabatar da awon omega-3 a jajayen ƙwayoyin jini. Ƙwayoyin na rayuwa kimanin kwana 120, don haka awon na nuna cimar watanni. Sun ce kashi 8 cikin 100 zuwa sama shi ne abin so, kashi 4 zuwa ƙasa kuwa alamar haɗari ce.

Aikin omega-3 da ya fi tabbata shi ne rage tiraigilisaraid, domin yana rage yawan kitsen da hanta ke turawa cikin jini. Wannan kuwa alama ɗaya ce kawai cikin biyar.

Omega-6, wanda ke cikin man gyaɗa, man waken suya da riɗi, an daɗe ana zarginsa da haddasa kumburi a jiki. Sai dai wani nazari na 2017 da ya haɗa bincike 20 ya gano cewa masu yawan sinadarin linoleik, babban nau'in omega-6, a jini sun fi tsira daga ciwon suga.

Kifi ko kafso?

A gwajin ASCEND na Birtaniya, wanda aka fitar a 2018, masu ciwon suga fiye da 15,000 suka shiga. Giram ɗaya na man kifi kullum bai rage manyan cututtukan zuciya ba. Shan mai yawa kuma na iya rikita bugawar zuciya, saboda haka sai da izinin likita.

Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka na ba da shawarar cin kifi sau biyu a mako, musamman mai maiƙo. Titus, shawa da sadin da ke kasuwanninmu duk suna cikin wannan rukuni, kuma gasawa ko dafawa a miya ta fi suya. Sauran alamomin kuwa sai an rage tumbi, an motsa jiki, an kuma sassauta wa lemon kwalba da gishiri.