Ewing ko Olajuwon: Wa Ya Fi Iya Tsare Kwando?

Yawancin masu kallon ƙwallon kwando idonsu na kan mai jefawa. Ni mai hana jifan nake bi da kallo, shi ya sa gasar jami'o'in Amurka ta hukumar NCAA ta kwanta mini a rai. A can, ɗan wasa na yin laifi biyar za a fitar da shi, don haka dole mai tsaron baya ya haɗa ƙarfi da lissafi.

A 1984 jami'o'in Georgetown da Houston suka haɗu a wasan ƙarshe a birnin Seattle. Georgetown na da Patrick Ewing, haifaffen Jamaika, Houston kuma na da Hakeem Olajuwon, ɗan Legas. Dukansu zanƙala-zanƙala ne, amma salon tsaronsu ya sha bamban.

Ewing da kwarjini yake aiki. Doka ta hana a taɓa ƙwallo idan ta fara gangarowa kwando, in an taɓa sai a ba masu jifa makinsu. A wasan ƙarshe na 1982, da suka kara da jami'ar North Carolina, sau biyar aka kama shi da wannan laifi kafin hutun rabin lokaci, har maki takwas na farko da North Carolina ta samu duk ta haka suka zo. Da gangan yake yi, so yake duk wanda ya doshi kwando gabansa ya faɗi tun kafin ya ɗaga hannu.

Olajuwon kuwa ƙafafunsa ne jarinsa. Kafin ya san ƙwallon kwando, gola ne a ƙwallon ƙafa, ya kuma buga ƙwallon hannu. Wanda ya taɓa tsaron raga ya san ba a tsalle sai an ga inda ƙwallo ta nufa. Haka yake yi: ya jira mai jifa ya saki, sannan ya tashi. A kakar 1983 zuwa 1984 yana tare jifa fiye da biyar a kowane wasa, kuma ba wanda ya kai shi kwasar ƙwallon da ta dawo daga kwando.

A wasan na 1984, Georgetown ce ta ci, 84 da 75, bayan laifuffuka sun ɗaure wa Olajuwon hannu. Sai dai a nan kwatance ke da wuya. Ewing ba shi kaɗai ke tsaro ba. Kocin Georgetown John Thompson ya horar da yaransa su matsa wa mai riƙe da ƙwallo lamba tun daga ƙarshen fili. A wasansu na kusa da na ƙarshe a 1984, jami'ar Kentucky ta yi jifa 33 bayan hutu, uku kacal suka shiga. Nawa ne aikin Ewing a ciki, nawa ne na gajerun da ke gabansa irin su Gene Smith? Alƙaluma ba sa raba wannan, balle ma NCAA ba ta fara ƙidayar tare jifa a hukumance ba sai kakar 1985 zuwa 1986.

Da za a ba ni zaɓi, Olajuwon zan ɗauka. 'Yan Houston gudu da zura ƙwallo suka sa a gaba, sau da yawa sai su bar masa bakin kwando shi kaɗai, kuma da shi suka kai wasan ƙarshe sau biyu a jere, 1983 da 1984.