Sa'ad da 'Ya'yanmu Ɗalibai Suka Ce Za Su Tafi Hidima a Wata Ƙasa

Karatu: Ayyukan Manzanni 11:27-30, 13:1-13, 14:26-28

Yau za mu duba wata tambaya da take tasowa a gidajenmu idan dogon hutu ya kusa. Yaro ko yarinya su dawo daga makaranta su ce zumuntar ɗalibai tana shirin tafiya wata ƙasa domin hidima na mako biyu ko uku, suna kuma so su shiga. Uba yana tunanin kuɗin mota da kuɗin makaranta na zango mai zuwa. Uwa tana tunanin lafiyar hanya. Ga kuma gona tana jiran hannu, gama hutun ya faɗi a tsakiyar damina. Sai a yi tambaya, me yara za su iya yi cikin mako uku? Ba gara a aika da kuɗin ba?

Tambayar tana da kyau, kuma bai kamata a ɗauki mai yin ta marar bangaskiya ba. Za mu nemi amsa daga Littafi Mai Tsarki, da kuma labarin wasu ɗalibai uku da suka yi irin wannan tafiya.

Tafiyar hidima ta fari

A Ayyukan Manzanni sura 11, wani annabi mai suna Agabas ya sanar da ikkilisiyar Antakiya cewa babbar yunwa tana zuwa. Ta kuwa zo a zamanin Kalaudiyas, wanda ya yi sarautar Roma daga shekara ta 41 zuwa 54. Masu bi na Antakiya suka tara gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, suka aika da ita Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Mu lura da abu uku a nan. Na ɗaya, akwai bukata ta gaskiya kafin a yi maganar tafiya. Na biyu, ikkilisiya ce ta aike su. Na uku, da suka isa, ba su tsaya a kasuwa suna rabo da kansu ba. Sun danƙa kayan a hannun dattawan ikkilisiyar wurin, gama dattawan ne suka san gwauruwar da ta kwana da yunwa, da kuma wanda yake da hatsi a rumbu amma yana kuka. Da ɗan gari akan ci gari.

Da suka gama wannan hidima, suka komo tare da wani saurayi, Yohanna wanda ake kira Markus (12:25). Shi ne ya zama mai taimakonsu a tafiya ta gaba. Za mu sake komawa kansa.

Ɗalibai uku da tsohuwar mota

A ƙasar Amurka, a jihar New Jersey, akwai wata mace da ta yi shekaru tana addu'a domin ɗaliban wata makarantar sakandare da take kusa da gidanta. Ta aika wa ɗaya daga cikinsu, George Verwer, Bisharar Yohanna. A shekara ta 1955 yaron ya ba da ransa ga Kristi a wani taron wa'azi na Billy Graham a birnin New York, yana da shekara 16.

A hutun shekara ta 1957, George da abokansa biyu, Dale Rhoton da Walter Borchard, suka sayar da waɗansu kayansu, suka cika wata tsohuwar mota da ƙananan takardun bishara 20,000 da Bisharar Yohanna 10,000 cikin harshen Sifen, suka nufi ƙasar Meksiko. Dukansu ɗalibai ne, George bai ma kai shekara 20 ba. Suka rarraba littattafan, hutu ya ƙare, suka koma aji.

Da a ce labarin ya tsaya a nan, da ba mu ji shi ba yau. Abin da ya bambanta tafiyarsu shi ne sun sake komawa Meksiko a hutun da suka biyo baya. George ya dage ya koyi harshen mutanen. Suka yi aiki tare da masu bi na ƙasar, aka buɗe shagunan littattafan Kirista waɗanda suke ci gaba da aiki ko ɗaliban suna makaranta. A shekara ta 1960 George ya yi aure, shi da matarsa suka zauna a Meksiko, daga nan suka wuce ƙasar Sifen.

Ba kome ne ya tafi daidai ba. A shekara ta 1961 George ya shiga Tarayyar Sobiyet da littattafan bishara a ɓoye, aka kama shi, aka kore shi daga ƙasar. Bayan wannan ne ya gane cewa mutum ɗaya ba zai iya aikin ba, sai an tashe ikkilisiyoyi da matasansu. Daga nan ƙungiyar Operation Mobilisation ta sami sunanta. A hutun 1962 matasa kamar 200 suka fita aiki a Turai, a 1963 kuwa suka kai kamar 2,000. A shekara ta 1970 ƙungiyar ta sayi jirgin ruwanta na fari, Logos, domin kai littattafai da taimako tashoshin ruwa na ƙasashe dabam dabam. George ya miƙa shugabanci ga wani a shekara ta 2003, ya kuma rasu a 2023.

Me muka koya? Amfanin gajeriyar tafiya yana cikin abin da ya rage bayan motar ta juya gida: abin da ya rage a hannun masu bi na wurin, da abin da ya rage a zuciyar wanda ya tafi.

Yadda tafiya takan zama nauyi

Dole mu faɗi gaskiya, akwai tafiyar da takan bar wa masu masauki wahala. Ɗalibai ashirin su sauka a ƙaramar ikkilisiya, matan zumunta su bar gonakinsu suna dafa abinci, fasto ya bar ziyara yana yawo da baƙi. Baƙin su shafa wa ɗakin sujada fenti, aikin da wani mai sana'a a garin zai yi da kyau, ya kuma sami abin ciyar da iyalinsa. Su raba tufafi da alewa ba tare da shawarar dattawa ba, su bar gardama a bayansu. Su ɗauki hotunan yara marasa riga domin nunawa a gida, ba su ma tambayi sunan yaran ba. Su yi alkawarin aiko da kuɗi, su manta. Irin wannan tafiya tana faranta wa matafiya rai, amma ikkilisiyar da aka ziyarta ita ce take biyan kuɗinta.

Ubangiji Yesu ya riga ya ba da magani. A Luka sura 10, sa'ad da ya aiki almajiransa biyu biyu, ya umarce su su zauna a gidan da aka karɓe su, su ci abin da aka sa a gabansu, kada su riƙa sauya masauki. Wato mai hidima yakan shiga a matsayin baƙo mai koyo. Mu da muke da harsunanmu na gida mun san wannan sosai. Yawancinmu mun fara jin bishara cikin Hausa ko Turanci, mun kuma san yadda zuciya takan yi sanyi idan baƙo ya gaishe mu da harshen uwarmu, ko da ya karya shi. Ɗan da muka aika ya kamata ya koyi gaisuwa da godiya cikin harshen mutanen kafin ya buɗe baki ya yi wa'azi.

Tambayoyin da iyaye za su yi

A shekarar nan ta 1957 da ɗaliban nan uku suka tafi Meksiko, a cikinta ne aka kafa zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri. Tun daga lokacin, 'ya'yanmu suna fita wa'azi da hidima lokacin hutu, waɗansu har ƙetaren iyaka. Idan ɗanku ya zo da wannan magana, ku zauna da shi da shugabannin tafiyar, ku yi waɗannan tambayoyi.

Wa ya gayyace ku? Idan babu ikkilisiya ko mai bishara a can da ya ce ku zo, ya kuma faɗi aikin da yake bukata, tafiyar ba ta nuna ba tukuna.

Wa zai ci gaba da aikin? Idan mutum ya tuba a ranar ƙarshe, wa zai koya masa? Idan an fara gini ko ajin karatu, wa zai ƙarasa?

Wa yake riƙe da kuɗin? A 2 Korintiyawa 8:18-21, Bulus bai yarda ya ɗauki gudummawar ikkilisiyoyi shi kaɗai ba. Ya tafi da ɗan'uwan da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada a sami abin zargi. Idan manzo ya yi haka, balle ɗalibai. A rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, a karanta shi a gaban waɗanda suka bayar.

Takardu sun cika? A tabbatar da takardar tafiya da katin allurar shawara, a san dokar ƙasar game da wa'azi a fili, a kuma tambayi masu masauki halin tsaron hanya. Idan suka ce a dakata, a dakata. A kuma sami babba mai hankali a cikin tafiyar, da mace dattijuwa idan akwai 'yan mata.

Me zai faru da aikin gida? Ɗan da ya bar tsohuwarsa ita kaɗai a gona bai fara hidima da kyau ba. A shirya wanda zai riƙe masa fartanya, ko matasan ikkilisiya su yi wa gidan gayya. Wannan ma rabo ne cikin aikin.

Idan an sami amsa mai kyau, ku sa musu albarka su tafi. Idan kuwa bukatar wurin kuɗi ce kawai, ba laifi a aika da kuɗin ta hannun mutum biyu amintattu, sauran su yi hidima a ƙauyen da yake kusa.

Bayan an dawo

Da Bulus da Barnaba suka komo Antakiya, suka tara ikkilisiya suka ba da labarin abin da Allah ya yi (14:27). Haka ya kamata 'ya'yanmu su yi. A ba su lokaci a sujada su faɗi abin da suka gani, da sunayen waɗanda za a riƙa yi wa addu'a. A ci gaba da gaisawa da masu masauki, a cika kowane alkawari, a kuma yi shirin komawa wuri ɗaya maimakon neman sabuwar ƙasa kowace shekara.

To, yaya batun wanda ya kasa? Markus ya bar su Bulus a ƙasar Bamfiliya ya koma Urushalima (13:13). Abin ya yi wa Bulus zafi har ya ƙi sake tafiya da shi, suka rabu da Barnaba a kan maganar (15:36-40). Amma Barnaba ya ɗauki saurayin suka tafi Kubrus. Shekaru da yawa bayan haka, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Timoti ya zo da Markus domin yana da amfani a gare shi cikin hidima (2 Timoti 4:11). Idan ɗanku ya dawo da zazzaɓi da sanyin gwiwa, yana cewa ba zai ƙara ba, kada ku yi masa dariya. Ku zama masa Barnaba.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin 'ya'yan da ka ba mu. Ka ba iyaye hikima su san lokacin da za su ce a tafi da lokacin da za su ce a jira. Ka ba ɗalibanmu tawali'u su yi hidima a ƙarƙashin bayinka da suke can tun da daɗewa. Ka kiyaye fitarsu da shigarsu, ka sa aikin hannunsu ya dawwama. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.